Yadda za ku mallaki gida ɗaya tare ba tare da kun bar wa magada rigima ba

Abin da ke damuna da masu haɗa kuɗi su sayi gida, ko ma'aurata ne ko 'yan'uwa ko abokai, shi ne a shafe watanni ana neman gidan, amma maganar yadda za a rubuta sunaye a takardar mallaka a gama ta cikin minti biyar a gaban lauya. Alhali wannan rubutun ne zai yi magana ranar da ɗayanku ba ya nan.

Kafin a biya ko sisi, ku zauna ku tambayi juna: in ɗayanmu ya rasu, hannun wa haƙƙinsa zai koma? Amsar ce za ta zaɓa muku hanya, domin dokar Ingila da ta ƙasashen da suka ɗauki tsarinta hanya biyu ta tanada.

Ta farko mallakar dunƙule ce. Kowannenku ya mallaki gidan gaba ɗaya, babu mai cewa ga nawa ga naka. Idan ɗaya ya rasu, gidan ya zama na wanda ya rage kai tsaye, ko da mamacin ya bar wasiyya da ta ce ba haka ba. A ce wa da ƙani ne suka saya ta wannan hanya, wan ya rasu ya bar 'ya'ya uku. Ƙanin zai wayi gari da gidan duka, yaran kuwa ko taga ba su da ita a idon doka. Ma'aurata da yawa na zaɓarta don kada a tayar da wanda aka bari, amma mai son a raba dukiyarsa bisa rabon gado na Musulunci ya yi hattara, don gidan ba zai ma shiga cikin abin da za a raba ba.

Ta biyu mallakar kaso-kaso ce: wannan kashi 70, wancan kashi 30, gwargwadon abin da aka amince. Kason kowa dukiyarsa ce, magadansa za su gaje ta. Sai dai kaso ba ɗaki ba ne. Mai kashi 30 yana da ikon amfani da ko'ina a gidan, ba a ja masa layi a tsakar falo. A ganina, duk inda kuɗin da aka zuba bai zo daidai ba, ko ɗaya yana da 'ya'ya daga wani auren, wannan ce ta fi.

Kun zaɓa? To sai a rubuta yarjejeniya. A faɗi wanda ya biya kafin alƙalami da nawa ya biya, wa zai riƙa biyan haraji, yadda za a raba kuɗin gyara in rufi ya fara yoyo. Kada kunya ta hana. A shari'ar Stack da Dowden ta 2007, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokacin ta ce in gidan zama yana da suna biyu kuma ba a fayyace kaso ba, ana ɗauka rabi da rabi ne, sai mai ja ya kawo hujja. Dowden, macen a cikin masu gidan biyu, ta samu kashi 65, amma sai da shari'a ta kai matakin ƙarshe. Shafi biyu da sa hannu sun isa su hana wannan.

In da bashin banki a ciki, ku sani bankin bai damu da kasonku ba. Galibi kowannenku ya ɗauki nauyin bashin duka, in abokinka ya daina biya, kai za a bi.

Sai ƙofar fita, wadda ba a son tunawa da ita lokacin da ake ɗasawa. Ku rubuta wa'adin sanarwa ga mai son janyewa, da wanda zai ƙiyasta darajar gidan, da cewa abokin tarayya za a fara yi wa tayi kafin bare. Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan da sunan shufu'a, haƙƙin abokin tarayya a kan gida ko fili da ba a raba ba. A Faransa, sashe na 815 na dokar farar hula ya ce ba a tilasta wa kowa zama cikin tarayya, sai dai ana iya ƙulla yarjejeniyar kada a raba har shekara 5, a kuma sabunta. In kun kasa daidaitawa, kotu na iya sa a sayar.

Daga nan a yi rajista a ofishin filaye, kuma a nemi lauyan da ya san dokar wurin da gidan yake, don ita ke aiki a kansa. Ku karanta takardar da idonku kafin sa hannu. A Ingila, dokar kadarori ta 1925 ba ta yarda a rubuta fiye da suna 4 ba, kuma ta ba kowane mai mallakar dunƙule damar mayar da ita kaso-kaso ta hanyar aika wa abokinsa sanarwa a rubuce, ko ya yarda ko bai yarda ba. Sharaɗin dai a aika tun ana raye, wasiyya ba ta yin wannan aikin.