Yadda Ake Zagaya Kufan Tsohuwar Girka da Mota ta Cikin Duwatsu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya buɗe taswirar waya, ya ga kilomita 130, ya ce ai awa ɗaya da rabi ce. A duwatsun Girka ba haka lissafin yake ba. Ware kwana biyar, ka bi wannan jerin: Atina, Korinti, Nafplio, Olimfiya, Delfi, ka dawo Atina. Ka je a watan Afrilu, Mayu ko Oktoba. A Yuli da Agusta rana tana dukan dutse, kufan kuma ba su da inuwa.

Wajen hayar mota, ɗauki ƙarama, don titunan ƙauyuka matsattsu ne. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne. Mai canza giya da kanta ta fi tsada, kuma sai ka kama ta tun da wuri. Riƙe lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na ƙasarku. Ka tambaya ko inshorar ta haɗa da taya, gilashi da ƙarƙashin mota, don galibi ba ta haɗawa, kuma su tsakuwa ke lalatawa. A gidan mai ka kula sosai: abin da suke kira petreleo dizal ne, fetur kuwa venzini. Wanda ya rikita su ya kashe injin.

Ranar farko ka tsaya a mashigin ruwan Korinti da aka buɗe a 1893, minti ashirin ya isa. Wuce zuwa kufan tsohon birnin Mikines, haka allunan hanya suke rubuta sunan, ka ga Ƙofar Zakuna ta wajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. Ka kwana biyu a Nafplio. Daga nan Epidavros kusan minti arba'in ce, inda dandalin wasan kwaikwayo yake ɗaukar mutum wajen 14,000. Ka isa ƙofa da ƙarfe takwas na safe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a.

Rana ta uku ita ce mai wahalar. Daga Tripoli za ka haye duwatsun Arkadiya ta Vitina da Langadiya zuwa Olimfiya. Ba ta awa uku cur. Cika tanki a Tripoli, saboda gidajen man ƙauye suna rufewa da wuri, wasu ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Hawan dutse ba shi ne matsalar ba, gangara ce. Sabon direba yakan bar mota a giya ta huɗu ya ɗora ƙafa a kan birki har tsawon kilomita goma. Birkin ya yi zafi, man birki ya tafasa, sai ka taka ka ji ya yi laushi, motar ba ta tsayawa. Maganinsa: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ta biyu ko ta uku, injin ya riƙe motar. Taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, sannan ka saki. Kada ka taɓa sa ta a firi ko ka danne kuloci kana gangara. In ka ji warin ƙauri, nemi fili ka tsaya minti ashirin, kuma kada ka watsa wa birkin ruwa, ƙarfen zai lanƙwashe. A kwanar da ba ka ganin gabanka, manne wa hannunka na dama, don bas da babbar mota sukan ci layinka, garken awaki ma sukan kwanta a tsakiyar titi. In ɗan gari ya matso bayanka, kauce masa ya wuce. Tuƙin dare a wannan hanya, a'a.

Olimfiya, inda aka fara wasannin Olimfik a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, tana son rabin yini, kuma ka shiga gidan adana kayan tarihinta. Batun abinci: naman tsiren suflaki da giros galibi alade ne. Kifi, salak da miyar wake da ake kira fasolada sun fi kwanciyar hankali, kuma miyar ba tsada.

Daga nan ka bi ta Fatras, ka haye gadar Riyo zuwa Antiriyo da aka buɗe a 2004. Ana biyan kuɗi, kuma ya fi na sauran tolget tsada. Bi layin da ke da mutum ko na kati. Bi bakin teku ta Nafpaktos da Galaksidi, ka haura Delfi a gefen dutsen Farnasos. Can ƙafa za ta yi aiki: daga haikalin Afolo, abin bautar Girkawan dā, zuwa filin tsere hawa ne zalla, sai da takalmi mai kama ƙasa da ruwa lita ɗaya da rabi. Komawa Atina ta Arahova kusan kilomita 180 ce, awa biyu da rabi. Lambar gaggawa 112.