Yadda Za Ka Gane Yaren 'Yan Foka, Daga Rabon Karta Zuwa Buɗe Hannu

Foka wasan karta ne na Amurkawa, kuma nau'insa da ya fi yaɗuwa a yau shi ne Texas Hold'em. Majalisar jihar Texas ta ayyana garin Robstown a matsayin mahaifarsa, 'yan wasa irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim suka ɗaukaka shi a Las Vegas cikin shekarun 1960, sannan a 1970 Benny Binion ya fara gasar World Series of Poker a gidan cacarsa na Horseshoe. Dokokin wasan ana koyonsu a zama ɗaya. Abin da ke korar sabon shiga shi ne yaren: mai sharhi zai yi jimla guda da kalmomi huɗu da ba ka taɓa ji ba, kafin ka waiga an tafi hannu na gaba.

Haddar jerin kalmomi wahalar banza ce. Kalmomin nan suna da layi, kowace tana da inda take fitowa a cikin hannu guda, don haka hanyar da ta fi ita ce ka ɗauko karta, ka raba hannu ɗaya, ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Za a rubuta su nan yadda ake furta su a bakin tebur.

Magana ɗaya tun da wuri: foka da kuɗi caca ce, haramcinta a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma jihohin da ke bin shari'a suna hukunta ta. Koyon yaren ba ya buƙatar ko kwabo. Ƙwayar wake ko tsinken ashana sun isa, akwai kuma manhajoji irin su Zynga Poker da ke ba da kwandalolin wasa kyauta.

Mataki na 1: San karta da darajar hannu

Karta 52 ce, gida huɗu, kowane gida 13. Jajaye biyu, mai zanen zuciya da mai zanen lu'ulu'u. Baƙaƙe biyu, mai kan mashi da mai ganye uku. Ba kamar Whot ba, a nan babu katin da ke ba da umarni, kuma babu gidan da ya fi wani. As ce babba, sai Sarki, Sarauniya, Jak, sannan 10 zuwa 2. Kwandalolin robar da ake zubawa su ne "cif", tulin da ke taruwa a tsakiya kuma "fot".

A Hold'em ana ba kowa katuna biyu nasa shi kaɗai, a buɗe wasu biyar a tebur na kowa da kowa, kuma daga cikinsu kowa yana neman haɗa katuna biyar mafi ƙarfi. Daga ƙasa zuwa sama: babban kati kawai, "fiya", lamba ɗaya sau biyu, fiya biyu, uku iri ɗaya, "sitiret", biyar a jere kamar 5-6-7-8-9, "fulash", biyar 'yan gida ɗaya, "ful-haus", uku da biyu, wanda wasu ke kira "bot", "kwads", huɗu iri ɗaya, sai sitiret-fulash, biyar a jere kuma 'yan gida ɗaya. Idan ya tashi daga 10 zuwa As, shi ne "royal", wanda a Hold'em yake zuwa sau ɗaya cikin hannu 30,940. Inda sababbi suka fi tuntuɓe shi ne tsakanin sitiret da fulash. Fulash ne a sama, domin ya fi wuyar samu.

Uku iri ɗaya suna biyu gare shi. In biyun suna hannunka ɗaya a tebur, "set" ke nan, kuma ya fi haɗari don babu mai ganinsa. In ɗaya ne a hannunka biyu a tebur, "tirifs".

Mataki na 2: Duba inda ka zauna

Kafin a raba komai, nemi wani farin faifai a gaban ɗaya daga cikin 'yan wasa. Shi ne "botin", yana kuma matsawa hagu bayan kowane hannu. Mutum biyun da ke hagunsa za su yi zubin dole ba tare da sun ga katinsu ba: ƙaramin "bulayin" da babban bulayin. In ka ji an ce tebur 50/100 ne, wannan zubin ake nufi.

Wanda ke bin babban bulayin shi zai fara magana, ana ce masa "onda-da-gon", wato wanda ke ƙarƙashin bakin bindiga, don zai yanke shawara bai san abin da kowa zai yi ba. Na dama da botin shi ne "kot-of". Mai botin kuwa shi ne ɗan gata: daga zagaye na biyu har ƙarshe, sai kowa ya gama magana sannan ya yi tasa. In mai sharhi ya ce wane yana da "fozishon", abin da yake nufi ke nan, kuma ƙwararru sun fi daraja shi a kan kati mai ɗan dama-dama.

A misalinmu mutum shida ne, bulayin 50/100, kai ne a botin, an ba ka As da Jak, dukansu zuciya. Katuna biyu 'yan gida ɗaya ana ce musu "sutad".

Mataki na 3: Riƙe kalmomi biyar na aiki

Duk abin da za ka iya yi a tebur bai wuce biyar ba. "Fol" ajiye kati ne, ka fita daga hannun. "Cek" wucewa ce ba tare da zubi ba, kuma ba ta yiwuwa sai in babu wanda ya zuba a gabanka. Ƙwanƙwasa tebur da yatsa ma cek ne. "Bet" zubin farko a zagaye. "Kol" biyan daidai abin da wani ya zuba. "Rez" ƙari a kai. A allon waya za ka gan su da rubutun Turanci, Fold, Check, Bet, Call da Raise. Wanda ya tura duk abin da ke gabansa ya yi "ol-in".

Sauran duk rassa ne. Shiga da biyan babban bulayin kawai, ba ƙari, shi ne "limf", kuma ana ɗaukarsa alamar rauni. Ƙari a kan ƙarin farko shi ne "tiri-bet", domin ana lissafa bulayin a matsayin zubi na ɗaya. Ka yi cek, wani ya zuba, ka dawo ka ƙara masa, "cek-rez" ke nan, tarko ne halastacce.

A teburin ido da ido, baki shi ke yanka wuya. In ka ce kol, ka yi kol, ko da hannunka na kan tulin da ka so ka ƙara. Kada ka ce "na kol, kuma na ƙara", kalmar farko za a kama. Kada kuma ka tura cif kaɗan ka koma ka ɗebo wasu ba ka yi magana ba; wannan "sitirin-bet" ne, mai rabo zai mayar maka da na biyun. Har ila yau, jefa babban cif guda ɗaya shiru ana ɗaukarsa kol, komai girmansa. Maganin duka shi ne ka faɗi abin da za ka yi da adadinsa kafin hannunka ya motsa.

To, wani ya yi rez zuwa 300, ka yi kol, masu bulayin suka yi fol. Fot ya zama 750.

Mataki na 4: Ƙirga a kan fulof

Mai rabo zai kifa kati ɗaya gefe, ana cewa ya ƙona shi, sannan ya buɗe uku a tsakiya. Su ne "fulof", na kowa da kowa. Sun fito Sarkin zuciya, 7 na zuciya da 2 na ganye. Kana da zuciya huɗu, saura ɗaya ka cika fulash. Hannun da bai cika ba amma yana hanya shi ne "duro".

A nan yaren ke komawa lissafi, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Katunan da za su cika maka hannu su ne "auts". Zuciya 13 ce, ka ga 4, saura 9. 'Yan wasa suna da gajeriyar hanya: in katuna biyu ne za su zo, ninka auts sau 4, in ɗaya ne, sau 2. Tara sau huɗu 36, ainihin adadin kuwa kusan kashi 35 cikin 100 ne. A kati guda, kusan kashi 19. Sitiret da zai iya cika ta kai ko ta gindi, kamar 6-7-8-9, yana da auts 8. Wanda ke neman katin tsakiya, kamar 6-7-9-10, shi ne "gotshot", auts 4 kacal, kuma binsa ya cinye tulin mutane da yawa.

Abokin karawarka, da yake shi ya yi rez tun farko, zai sake zubawa ko fulof ya yi masa ko bai yi ba. Wannan shi ne "si-bet". Tambayar ita ce ko farashin ya dace, abin da ake kira "fot-ods". In ya zuba 750, za ka biya 750 a fot da zai zama 2,250, kana buƙatar kashi 33, alhali kati ɗaya kawai kuɗin zai nuna maka, mai kashi 19. Ya yi tsada. Amma in 500 ne suka rage masa ya yi ol-in, za ka biya 500 a fot na 1,750, kashi 29 ke nan, kuma za ka ga katuna biyun duka da kashi 35. Wannan kol ne mai kyau, ko da a ƙarshe bai zo ba. A misalinmu 250 ya zuba, farashin na kan iyaka, ka biya saboda abin da kake sa ran ƙara ci in fulash ya cika.

Mataki na 5: Tan, riva da buɗe hannu

Kati na huɗu shi ne "tan". Ya zo 4 na mashi, bai taɓa kowa ba. Irinsa ana ce masa "birik". Ku biyu kuka yi cek. Na biyar kuma na ƙarshe shi ne "riva": 9 na zuciya. Yanzu kana da fulash mai As, babu fiya a tebur da za ta ba wani ful-haus, babu hanyar sitiret-fulash. Hannun da babu abin da zai doke shi shi ne "nots".

Zubin da za ka yi yanzu "baliyu-bet" ne, kana so mai ƙaramin hannu ya biya. Kishiyarsa "bulof", zubi da hannun wofi don mai babban hannu ya tsorata. Mafi shahara shi ne na babbar gasar World Series ta 2003, lokacin da Chris Moneymaker ya yi ol-in da Sarki tsurarsa, Sam Farha ya ajiye fiyar 9 da ta fi shi. Duk motsin da ke tona asirin mutum, rawar hannu ko saurin zubi, "tel" ne.

In an biya, sai "shodawun", a buɗe. Idan mutum biyu suna da fiya iri ɗaya, katin gefe ne ke raba gardama, "kika": As da Sarki ta doke As da 9. Wanda ya sha kaye yana iya jefa katinsa a kife, ya yi "mok". Abin da ba a yafewa shi ne "sulo-rol", kana riƙe da nots amma ka yi ta jan rai kafin ka buɗe. Doka ba ta hana ba, amma babu rashin ɗa'ar da ta kai ta a wajensu. A gidajen caca kuma akwai "rek", la'adar da gida ke yanka daga fot, wadda ta sa shi kaɗai ne ba ya asara.

Mataki na 6: Laƙabin mutane da na katuna

"Fish", kifi, shi ne marar ƙwarewa da ake ci. "Shak" shi ne mai cinsa. "Wel" attajiri ne mai zubar da dukiya, "donki" jaki mai wasan ganganci, "nit" matsoraci da ba ya shiga sai da manyan katuna, "kolin-siteshon" kuma wanda ba ya ƙari, ba ya ajiyewa, sai biya. Irin wannan ba a yi masa bulof.

In kana gaba nesa sai riva ta kife ka, "bad-bit" ke nan. As biyu ma, da ke zuwa sau ɗaya cikin 221, suna faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar a gaban Sarki biyu. Fushin da ke biyo baya har mutum ya fara zubi ba lissafi shi ne "tilt". Phil Hellmuth, mai mundayen zinare 17 da ake ba zakarun gasannin World Series, ya yi suna da ɓaɓatu a irin wannan hali kusan kamar yadda ya yi da nasara.

Katuna ma suna da laƙabi: As biyu rokoki, Sarki biyu kaboyi, 8 biyu mutum-mutumin ƙanƙara, As da Sarki "big-silik". 10 da 2 sunanta Doyle Brunson, domin da ita ya lashe babbar gasar a 1976 da kuma 1977, duka biyun da ful-haus. Baƙaƙen As biyu da 8 biyu su ne hannun mamaci, saboda labarin da ake bayarwa cewa su ke hannun Wild Bill Hickok sa'ad da aka harbe shi a garin Deadwood a 1876.

Mataki na 7: Kalmomin gasa

Saura kaɗan na masu kallon gasa. "Bay-in" kuɗin shiga ne, dala 10,000 a babbar gasar World Series tun 1972. "Satalayit" ƙaramar gasa ce da ladanta kujera ce a babba. Ta nan Moneymaker ya shiga daga shafin PokerStars, ya doke sauran cikin mutum 839, ya tashi da dala miliyan 2.5. "Firi-rol" gasa ce ta kyauta. "Babul" shi ne lokacin da saura mutum ɗaya ya fita a fara rabon lada, inda za ka ga masu ƙaramin tuli sun ƙanƙame katinsu, masu babba suna ta matsa musu. In saura mutum biyu, an kai "hedz-of", kuma a nan mai botin ne ke zuba ƙaramin bulayin, ya fara magana kafin fulof, ya zama na ƙarshe a sauran zagaye ukun.