Yadda gari zai horar da 'yarsa aikin ungozoma ta dawo ta yi masa hidima

Ungozomar da aka turo daga birnin Katsina zuwa ƙauyen da ba ta da kowa ba ta cika daɗewa ba. Kafin shekara ta zagayo ta nemi canjin wurin aiki, mai naƙudar dare kuma ta tarar da asibitin mazaɓa a kulle. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2010 da ta sabunta a 2021, ta ƙarfafa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara, don su suka fi komawa gida su zauna. Shirin Women for Health, da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020, ya bi wannan hanya a Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe. Gari ma zai iya, ba sai ya jira wata ƙungiya ba.

A fara da zaɓe. Magaji, liman, shugabar mata da kwamitin ci gaban mazaɓa su zauna tare, kada abin ya zama rabon 'ya'yan manya. A fifita wadda ke da tushe a garin, ko da matar aure ce mai goyo. Mahaifi ko miji ya ba da izini gaban shaidu, a kuma faɗa masa a fili cewa aikin akwai kwanan asibiti da bugun ƙofa cikin dare. In da hali a tura biyu, domin mutum ɗaya ba ya riƙe asibiti dare da rana.

Takardu su ne babban shinge. Karatun ungozoma na shekara 3 yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Nan yaran ƙauye ke faɗuwa, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don yawancin makarantunsu ba su da malamin kimiyya da ɗakin gwaji. A ware shekara guda ta shiri, a ɗauko malami, a biya mata WAEC ko NECO ta 'yan waje. A daidaita suna da ranar haihuwa a duk takardunta tun yanzu. Bambancin harafi ɗaya yakan tsayar da rajista a hukumar da ke ba da lasisin aikin.

Akwai makarantar ungozoma a Malumfashi, da makarantun kimiyyar lafiya a Kankiya da Daura, inda ake horar da jami'an lafiyar al'umma: babban jami'i (CHEW) shekara 3, ƙaramin jami'i (JCHEW) shekara 2. Akwai kuma kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara 2. A duba sanarwar bana ko ana neman JAMB. Kafin a biya ko sisi, musamman a makarantar kuɗi, a tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin, kuma ba a ɗibi ɗalibai fiye da gurbin da aka ba makarantar ba. Ɗalibar da ta faɗo wajen gurbi tana iya gama karatu ba ta zauna jarrabawar lasisi ba.

Kuɗin makaranta kaɗai ba ya kai ɗaliba ƙarshe. A lissafa abinci, yunifom, kuɗin mota, kuɗin jarrabawa da mai reno. A rubuta yarjejeniya: gari ya ɗauki nauyi, ita kuma ta yi aiki a gida na shekarun da aka amince.

Inda muka fi ganin aikin yana rushewa shi ne bayan kammalawa. Ta dawo da lasisi, ba takardar ɗaukar aiki, ta yi aikin sa-kai har ta gaji, asibitin kuɗi a birni ya ɗauke ta. Tun tana ajin ƙarshe kwamiti ya fara bin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha kan gurbinta. A gyara mata ɗaki kusa da asibiti, da ruwa da fitilar sola. A nemi firij mai sola, domin allurar oksitosin da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. In ta daɗe a kabad cikin zafin Afrilu ƙarfinta yana raguwa, a yi wa mai jego jinin bai tsaya ba. Kada ƙwayar misofrostol, ita ma ta tsayar da jini, da allurar magniziyam salfet ta jijjiga su yanke.

A tsayar da direba mai lambar waya sananniya da asusun man fetur, don doguwar naƙuda ta babban asibiti ce. Jinkirinta ke jawo wa mata yoyon fitsari, har a kai su asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda ake yi musu aiki. Ungozomar gargajiya kuwa a ja ta a jiki, ta riƙa rako mata awo da haihuwa. A watanninta na farko a haɗa sabuwar ma'aikaciyar da gogaggiyar ungozoma a babban asibiti mafi kusa, wadda za ta iya kira a kowane lokaci, wadda kuma za ta riƙa leƙowa tana duba rajistar haihuwa tare da ita.