Yadda Ake Gano Darajar Tsohon Farashin Zinare a Kuɗin Baya-bayan Nan

A wajen rabon gado a Kaduna, sau da yawa sai a fito da sarƙar Hajiya a ce an sayo ta a 1980, a tsaya ana gardamar ko ta yi riba. Gwada tsohon farashi da na yanzu kai tsaye yaudarar kai ne, don kuɗin jiya ba shi ne na yau ba.

Fara da neman farashin ozar zinare a lokacin da aka saya, daga alƙaluman LBMA, ƙungiyar masu cinikin zinare da azurfa ta Landan. Ozar zinare giram 31.1 ce. Ta kayan masarufi giram 28.35 ce, kuma duk wanda ya haɗa su lissafinsa ya karkace da kusan kashi 10 cikin ɗari. A ranar 21 ga Janairun 1980 oza ta kai dala 850, wato giram ɗaya dala 27.33.

Sai ka duba hatimin da ke jikin maƙullin sarƙar, ko cikin awarwaro. Lamba 750 karat 18 ce, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Farashin Landan na tsantsar zinare ne, saboda haka sarƙa mai giram 20 da hatimin 875, za ka ninka 27.33 da 0.875, ka sake ninkawa da 20: kimanin dala 478. Idan akwai duwatsu a jiki, a cire nauyinsu tukuna.

Yanzu hauhawar farashi. Ɗauko ma'aunin farashin kayayyaki na Amurka, wanda ake kira CPI. A Janairun 1980 yana kan 77.8, matsakaicinsa na 2020 kuma 258.8. Raba sabon da tsohon, ka samu 3.33. Dala 478 ɗin nan ta zama kusan 1,590 a kuɗin 2020, ita kuma oza ta koma kimanin 2,830.

Nan ne mutane ke shan mamaki. A Agustan 2020 zinare ya kai dala 2,067, ana ta cewa bai taɓa tsada haka ba. A lamba gaskiya ne a lokacin. Amma a ƙarfin saye bai kamo na Janairun 1980 ba, domin zinaren wannan sarƙar a ranar bai wuce dala 1,163 ba. Wanda kuwa ya saya a shekarar 2000, lokacin da matsakaicin oza yake dala 279 kuma CPI yake 172.2, kuɗinsa daidai yake da dala 419 ta 2020, ka ga ya ninka kusan sau biyar. Don haka watan da aka saya yana da muhimmanci ƙwarai. Ko a cikin 1980 ɗin, matsakaicin shekara bai fi dala 615 ba, nesa da 850. In ba a san watan ba, a yi amfani da matsakaicin shekara a farashi da CPI duka, kada a gauraya.

Shawarata ita ce a gama lissafi da dala kafin a juya zuwa naira. A 1980 naira ta fi dala daraja, amma tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 take faɗuwa, ga kuma tazarar da aka sha samu tsakanin canjin Babban Banki da na kasuwar bayan fage. Mai son bin alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya lura cewa ta sha sauya shekarar da take ɗora ma'auninta a kai, kuma ba a raba lambar sabon tsari da ta tsohon tsari sai an daidaita su.

Abin da ya fito a takarda darajar ƙarfen ce kawai. Idan ka kai sarƙar wajen masu gwal a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, za su goga ta a dutse su ɗiga ruwan gwaji, su ɗora a sikeli, kuma ba za su mayar maka da kuɗin ƙira da aka biya a wajen saye ba. Ka tambayi farashin giram na wannan karat ɗin a shago biyu ko uku kafin ka miƙa kayan.