Yadda na gyara cikin karen gidanmu

Kusan wata biyu karen gadinmu a Hotoro yana zawo, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Na ɗauka tsutsar ciki ce, na ba shi magani, shiru. Na cire masa kaska, na yi masa wanka, duk a banza.

Da na kai shi wurin likitan dabbobi, sai ya ɗaga leɓensa ya ga dasashin ya yi fari. Ya ce, "Malam, me kuke ba shi?" Na ce ragowar abincin gida: tuwo da miya, ƙashin kaza, wani lokacin madara. Ashe nan gizo ke saƙa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko an dafa su. Madara kuma da yawa daga cikin karnukan da suka girma ba sa iya narkar da ita. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji.

Ranar na hana a zuba masa miya. Kwana uku na farko farar shinkafa da tsokar kaza, ba gishiri, ba magi, kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Daga nan na fara sayo tumbi da huhu a abbatuwa, ina tafasawa da kabewa da karas, kashi ɗaya nama, kashi biyu shinkafa. Hanta sau ɗaya a mako kawai, yawanta ma matsala ne. Yanzu safe da yamma yake ci, ruwansa a inuwa, ana sauyawa kullum.

A kwana na biyar zawon ya tsaya. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa likita da alheri.