Kafin ka naɗe takardar gwaji

Salamu alaikum 'yan uwa. Idan likita ya rubuta maka gwaji, kada ka naɗe takardar ka miƙe kawai. Ka tambaye shi: "Likita, me ake nema da wannan gwajin? In ya nuna akwai ciwon, me za a yi mini? In babu fa?" Ba rashin kunya ba ne, jininka ne da kuɗinka.

Abin da ya fi damuna shi ne gwajin taifot ɗin nan, Widal. Innata duk sanda zazzaɓi ya kama ta sai a ce "maleriya da taifot", a ɗora ta kan allurai har hannunta ya kumbura. Da na raka ta muka tambaya, likita ya yi mana bayani cewa Widal sau ɗaya ba ya tabbatar da taifot. Wanda ya taɓa yin ciwon, ko mai zazzaɓin cizon sauro, nasa ma yakan nuna alama. Gwajin da ya fi inganci shi ne wanda ake renon ƙwayar cutar daga jini. Yana ɗaukar kwanaki, ya fi tsada, kuma an fi so a ɗebi jinin kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Don haka in ka riga ka sha kafso daga kemis, kada ka ɓoye, tafi da kwalin ma ka nuna masa.

In gwajin sukari ne, tambaya ko sai ka yi awa 8 ba ka ci komai ba. Mata kuma, in akwai ciki ko ana zato, a faɗa kafin a ɗauki hoton ƙirji.