Yadda ake gina darasin mako guda a kan biki a aji ɗaya zuwa uku

A ajin ƙananan yara, makon biki ne aka fi kashe kuɗi, kuma sau da yawa shi ne ake tashi ba a ƙaru da komai ba. A sayo balan-balan, a manne bango da koriyar takarda, yara su wuni suna shafa kala a hoton da aka buga musu, ranar Alhamis a ɗauki hoto a watse. Wannan bayani na malamai ne masu riƙe da aji ɗaya zuwa uku a Makka da Jidda da Madina, musamman inda yawancin yaran da Hausa suke tashi a gida, da Larabci kuma suke karatu. Karatu da rubutu da lissafin da manhaja ta ɗora wa makon su ne za a koyar, ba a ɗaga su. Bikin kawai zai ba su kalmomi da kayan aiki da dalilin da zai sa yaro ya kasa kunne.

Kalanda biyu a bango ɗaya

Tun makon farko na shekara a zauna da kalandar Ummul Ƙura, wato ta hijira da Saudiyya ke bi, da ta miladiyya. Ranaku uku ba sa motsi: Ranar Ƙasa 23 ga Satumba, Ranar Kafuwa 22 ga Fabrairu, Ranar Tuta 11 ga Maris. Biyun farko hutu ne, ta ukun ana zuwa makaranta. Azumi da Sallah biyu kuwa kowace shekara sukan matso da kwana goma ko sha ɗaya, domin shekarar hijira kwana 354 ce ko 355. A 2023 an ɗauki azumi a Saudiyya ranar 23 ga Maris, a 2024 ranar 11 ga Maris, wato ranar tuta ke nan, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Wanda ya ɗauko tsarin bara ya shimfiɗa a bana zai tarar da bukukuwa biyu sun hau kan juna.

A ƙirga baya daga ranar da za a rufe makaranta, ba daga ranar bikin ba. Kwana biyun ƙarshe kafin hutun Sallah aji kan zama rabi, don haka duk aikin da ake so kowane yaro ya yi ya ƙare kafin nan. Maulidi ba ya cikin kalandar makarantun ƙasar nan, ko da iyayen da suka taso a Kano ko Damagaram sun saba da shi. Tarihin Annabi (SAW) a koyar da shi a gurbinsa na manhaja, duk wani jigo da ba ya cikin kalanda kuma a nemi izinin shugaban makaranta tukuna.

Kalma takwas, aiki ɗaya

Ga yaro ɗan shekara shida ko bakwai, sabbin kalmomi takwas sun isa mako. A rubuta kowace a kati mai faɗin tafin hannu biyu, Larabci da wasali a gaba, zane a baya, a faɗi ma'anarta da Hausa sau ɗaya da baki a wuce. Wajen zaɓe a duba haruffan da ke ba ɗan Bahaushe wuya. Yakan haɗa ha ƙarami (ح) da ha babba (ه) ya mai da su abu ɗaya, ainun kuma (ع) ya haɗiye ta ta koma hamza. Bukukuwan nan cike suke da maganin wannan: hajj da hilal (jinjirin wata) a jere, sai id da alam (tuta) da Arafa. Minti biyar kowace safiya, yaro ya ɗora yatsu a maƙogwaronsa ya ji inda sautin ke fita, ya fi a ba shi shafi guda ya kwafa.

Lahadi a buɗe da abu na gaske da za a taɓa: dabino, fitila, guntun farin yadi. Litinin da Talata karatu da lissafi da kalmomin jigon. Laraba aikin hannu, guda ɗaya tak. Alhamis kowane yaro ya riƙe abin da ya yi ya faɗi jimla ɗaya a kansa, ɗan aji uku ya rubuta jimla uku. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a saka aikin hannu kullum. Rabon almakashi da gam da kwashe shara kaɗai kan cinye minti goma sha biyar a hissa, wato lokacin darasi ɗaya, mai minti arba'in da biyar.

Tuta ba takardar shafa kala ba ce

Tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada, shi ya sa ko zaman makoki ake yi ba a sauke ta zuwa rabin sanda. Idan aka buga kwafi talatin aka raba wa yara su shafa, kafin a tashi wasu sun faɗi ƙasa an taka, washegari mai shara ya haɗa da sauran takardu. A ajiye tuta guda ɗaya ta yadi a sama, inda hannu ba ya kaiwa, a yi bayaninta daga nan: kore, farin rubutu, takobi a ƙasa. Aikin hannun kuma a yi shi da abin da babu sunan Allah a jiki. Bishiyar dabino da takubba biyu na tambarin ƙasa sun wadatar, ko sarƙar takarda kore da fari. Sarƙar darasin lissafi ce da kanta: a yanka tsiri mai tsawon santimita 20 da faɗin santimita 3, kowane yaro guda goma sha biyu, ɗan aji ɗaya ya jera kore, fari, kore, fari, ɗan aji biyu ya ƙirƙiro nasa jerin abokinsa ya canki na gaba.

Yara, har da wasu manya, sukan ruɗa Ranar Ƙasa da Ranar Kafuwa. Igiya mai mita uku tana warware wannan. Kowace santimita shekara ɗaya ce. A bakin igiyar a maƙala kati: 1727, Imam Muhammad bin Sa'ud a Dir'iyya, abin da ake tunawa a Ranar Kafuwa. A santimita 175 a sa 1902, shekarar da Sarki Abdul'aziz ya karɓe Riyad. A santimita 205 a sa 1932, lokacin da aka haɗe ƙasar da sunan da take amsawa yau, abin da ake tunawa a Ranar Ƙasa. Shekarar da muke ciki za ta faɗo daf da ƙarshen igiyar. Sai a kira yarinya ɗaya ta auna santimita bakwai daga ƙarshe da 'yan yatsunta, a ce mata duk rayuwarta ke nan. Ba sai sun iya karanta lamba mai gida huɗu ba, idonsu zai gaya musu wanne ya daɗe.

A irin wannan aji akwai ɗan ƙasa, akwai mai iƙama, wato takardar izinin zama, akwai wanda a gidansu ma ba a son a ta da zancen takarda. Kada a zagaya ana tambayar kowa ƙasarsu. Idan yaro da kansa ya ce tutar Najeriya ma kore da fari ce, a karɓa da fara'a, a ce gaskiyarsa, a ci gaba.

Allon wata a lokacin azumi

Aikin da ya fi dacewa da Ramadan shi ne duban wata, amma yana da tarko. A ja gida talatin a babban kwali, layi biyar gida shida-shida, kowane dare a ba yara biyu aikin su leƙa sama bayan magariba tare da wani babba, da safe su zana abin da suka gani. Kwana goma sha huɗun farko komai zai tafi daidai: jinjirin wata a yamma, rabi wajen dare na bakwai, cikakke a tsakiyar wata. Daga nan sai yara su fara dawowa suna ce wa malama, “Abla, ban gan shi ba.” Ba ƙiwa ba ce. Wata yana jinkirin fitowa da kusan minti hamsin kowace rana, bayan dare na sha bakwai ko sha takwas sai an yi nisa da dare yake ɓullowa. A sauya lokacin kawai: a dube shi da safe a filin tabur, inda ake jeruwar safe, ta wajen yamma, zai bayyana fari fes a sama. Gida na talatin a bar shi babu komai da alamar tambaya, domin wata kan yi ashirin da tara ko talatin.

A nan ne ake shigo da gida cikin aji. A aika yara su tambayi kakanni sunayen watanni da Hausa, za su dawo da Cika-ciki, da Azumin Tsofaffi, da Ƙaramar Sallah, a jera su kusa da Muharram da Rajab da Shawwal. A yi jadawalin abin buɗe-baki, kowane yaro ya manna murabba'i ɗaya a kan abin da ya fi so: shorba, sambusa, sobiya, kunun gyaɗa, ƙosai. Daga nan tambayoyin lissafi sun samu, wanne ya fi yawa, da nawa ya fi. Abu ɗaya da bai kamata ya hau bango ba shi ne jerin masu azumi da tauraro a gaban sunansu. Azumi bai wajaba a kan ɗan shekara bakwai ba, kuma jerin yakan sa wani ya ƙi shan ruwa don kunya, wani ya koyi ƙarya.

Kantin idiyya

Kafin hutun Ƙaramar Sallah a buɗe kantin idiyya, wato goron sallah. Kuɗin a yanka su daga kwali a rubuta 1, 2, 5, 10, kada a ɗauki hoton riyal na gaske. A rubuta lambar iri biyu kamar yadda take a jikin kuɗi, domin biyar ta Larabci (٥) tana kama da sifirin boko, yaran da ke ganin iri biyun sukan rikice a daidai nan. Kowane yaro ya sami goron sallah na riyal goma, amma ba iri ɗaya ba: wannan takarda ɗaya ta goma, wancan biyar da biyu da biyu da ɗaya. Nan take gardama za ta tashi, mai guda huɗu yana ganin ya fi kowa arziki. Kada a yi saurin raba ta, a bar su su ƙirga a kan tebur har su gano da kansu. Yara talatin suna buƙatar kanti uku, kaya kada su wuce riyal tara, masu sayarwa a canza su duk minti biyar. Idan kanti ɗaya ne, layi zai yi tsawo, na baya su fara kokawa.

Tambayar “me Baba ya saya maka?” da zancen kayan sallah da ragon wa ya fi girma a bar su a waje. Akwai maraya a kusan kowane aji, akwai gidan da bana babu hali. A tambayi wa za su je gaisarwa, da me za su ce idan sun shiga.

Hajji a tsakar makaranta

Yaran Makka sun san Harami da ƙafarsu, amma jerin ayyukan Hajji yakan cakuɗe musu, kuma jerantawa fasaha ce da manhaja ke nema. Kwalin firji ko na injin wanki, a rage shi ya koma kamar santimita 60 kowane gefe, a lulluɓe da baƙin yadi, a zagaya da tsiri ruwan zinare marar rubutu. A ja da'ira da salatif a ƙasa, tazarar mita ɗaya da rabi daga kwalin, da layi ɗaya na wurin farawa. Rukuni shida-shida, Ka'aba a hagu. A ɗaura wa kowa zare a wuyan hannun hagu, domin da yawa a aji ɗaya ba su gama rarrabe dama da hagu ba. Masu jira su ne masu ƙirga, kowa da ƙwallon dabino bakwai wankakku, a ajiye ɗaya duk zagaye. Idan aka bar su hannu sake, kafin rukuni na uku filin ya zama kasuwa.

A Safa da Marwa kuskuren da aka saba shi ne a ɗauki zuwa da dawowa a matsayin ɗaya, a ƙare da goma sha huɗu. Tafiya ɗaya ce, dawowa biyu, an fara a Safa an ƙare a Marwa. Ɗan aji biyu zai iya lura cewa duk lambar da ba ta rabuwa biyu a Marwa take sauka. Sai tashoshi huɗu da katin kwanan wata: 8 ga Zulhajji Mina, 9 Arfa, daren Muzdalifa, 10 komawa Mina. Jifa a yi shi da dunƙulen farar takarda cikin bokiti, ba jarida ba, don jaridun nan ba sa rasa ayoyi da sunan Allah. Tsakuwa ko wake kuwa ƙarshensu hanci ko ido. Lissafin yana nan a shirye: bakwai ranar Sallah, bakwai sau uku kowace rana bayanta, 49 ga wanda ya fita a rana ta sha biyu, 70 ga wanda ya kai sha uku. Aji ɗaya su tsaya a bakwai, aji biyu su tara 7 da 7 da 7, aji uku su kai har ƙarshe.

A 'yan shekarun nan Hajji yana faɗowa cikin zafi, kusa da jarrabawar ƙarshen shekara, don haka a yi wannan a hissar farko ko a zaure mai sanyi, a kuma taƙaita shi zuwa kwana uku idan lokaci ya ƙure. Idan za a kawo abin ci ranar ƙarshe, a aika wa iyaye saƙo kwana uku kafin nan a tambayi wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi, domin kunun gyaɗa da yajin siriya (tsire) da halawar ɗahiniya duk suna ɗauke da ɗayansu. Hoton yara kuma ba ya fita daga aji sai da izinin makaranta da na iyaye. Katunan kalmomi da igiyar tarihi da kuɗin kwali a zuba kowanne a ambulan ɗinsa, a rubuta a baya abin da ya ci lokaci fiye da yadda aka zata, a ajiye wa baɗi.